Danƙon Inna da Jirgin Legas

Wata ranar Alhamis ce bayan la'asar, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina saman soron ƙofar gidanmu a Gyadi-Gyadi, ina gadin surfaffiyar masarar da Umma ta shanya a tabarma, danƙon kakata Inna yana rataye a wuyana. Ƙawata Rifkatu tana gefena tana ɓare gyaɗa, amma rabin hankalinta yana sama. Tun azahar muka hau tsani, domin a ranar ne mahaifinta, Malam Yohanna, zai tafi Legas a jirgin sama, kuma da bakinsa ya ce mana jirgin ta kan unguwarmu zai bi, mu tsaya inda zai hango mu. Da muka jiyo rugugi daga arewa sai muka zabura muka miƙe. Ga shi nan ya taso, fari sol, cikinsa yana ƙyalli a rana. Rifkatu ta matsa bakin soro, ta fizge jan ɗankwalinta tana kaɗawa, tana ƙwala wa babanta kira kamar zai amsa. Ni ina bayanta, ba ni da uba a jirgin, ba ni da abin kaɗawa, kuma tun ina ƙarama ba na son a bar ni a baya a harkar murna. Sai na zaro dunƙulen laka guda daga gwangwanin Inna, na ɗana a danƙo, na ja har kunnena, na saita cikin jirgin na saki. Ban gama sauke hannu ba sai wuta ta yi tartsatsi a ƙarƙashin fiffiken hagu, baƙin hayaƙi ya biyo ta, sannan ƙarar ta iso mana, dum, kamar tayar babbar mota ta fashe a titin Zariya. Jirgin ya karkata, kukansa ya sauya, ya shiga wani dogon kwana yana jan hayaƙi har ya ɓace mana a bayan itatuwa. Rifkatu ba ta waiwayo ba, ba ta ga abin da na yi ba. Na cusa danƙon a cikin zanena.

Danƙon nan yana da tarihi a gidanmu. Inna ta ƙwace shi ne daga hannun wani jikanta da ya fasa mata tulu, daga baya ta ga amfaninsa ta mayar da shi nata. Tana kiwon kaji a bayan ɗakinta, kuma ba ta da abokiyar gaba a duniya kamar shirwa, wadda take fara shawagi a kan gidan da zarar kaza ta ƙyanƙyashe. Da hannunta take mulmula laka ƙanana-ƙanana, ta shanya a murfin kwano, in sun bushe ta tara a gwangwanin madara. Ban taɓa ganin ta sami shirwa ko sau ɗaya ba, amma ba a faɗin haka a gabanta. In an sa ni gadin shanya takan ba ni aron danƙon saboda tantabarun maƙwabta, tare da gargaɗi iri ɗaya kullum: “Ki harba gefe, Balki, ban da sama.” In kuma jirgi ya wuce yaran layi suka bi shi da jifa suna ihu, sai ta leƙo daga zaure ta daka musu tsawa: “Ku bari, ja'irai, akwai alhazai a ciki! In kuka kakkaɓo shi me za ku ce wa iyalansu?” Ita tsoratarwa kawai take yi don kada a fasa wa wani kai. Ni kuwa a lokacin duk abin da ya fito daga bakin Inna ya zauna. Tun da ta ce ana kakkaɓo jirgi da dutse, to ana kakkaɓo shi.

A wancan zamani Gyadi-Gyadi ba ta cika ta batse kamar yau ba. Tsakanin gidaje akwai filayen da ba a gina ba, inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da masara, in ka miƙa gabas ta Tarauni kuwa, kafin ka shiga Hotoro sosai, za ka ratsa gonaki. Can Baba yake da 'yar gonarsa, shi da sana'arsa gyaran rediyo ce a kasuwar Tarauni. Ranar da ba makaranta mukan bi shi mu yi roron gyaɗa, mu gasa masara a wutar kara, mu dawo da yamma jikinmu duk ƙaiƙayi. Su Rifkatu mutanen Filato ne, daga wajen Pankshin, suna haya a gidan da ke jikin namu. Katanga ɗaya ce tsakani, gajera, ta kanta gwaten acca da dankalin turawa suke tsallakowa, ta kanta dambu da fura suke tafiya. Malam Yohanna lissafi yake koyarwa a wata sakandare. Dogo ne siriri, yana da baƙin keke mai ƙararrawa da yake gogewa kowace safiya kamar zai kai shi kasuwa. In mun makara yakan ɗauke mu mu biyu, Rifkatu a ƙarfen gaba, ni a baya, yana taka feda yana tambayarmu bakwai sau takwas, wadda ta kasa ya ce zai sauke ta a bakin kwata, bai kuma taɓa sauke kowa ba. Ni da Rifkatu ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya, layin famfonmu ɗaya. Mun yi 'yar gala-gala har ƙasar ƙofar gida ta yi santsi, mun yi carafke da duwatsun da muke ɓoyewa a ramin katanga, mun yi wa 'yan tsanar ƙashi kitso da zaren buhu. In ana neman ɗayarmu a gida, sai a leƙa ta katanga a kira ɗayar. Tafiyar Legas ɗin ta wani taron malamai ce, kuma shi ne mutum na farko a layinmu da zai hau jirgi ba don aikin Hajji ba, shi ya sa da ya zo sallama da safe har Inna ta ce ya gaida mata teku.

Ban san yadda na sauko daga tsanin ba. Kafin mu taka ƙasa layin ya cika, mata a ƙofar gida da mayafai a karkace, maza suna nuna sama, kowa da nasa bayanin. Wani ya ce a Daurawa ya faɗi, wani ya rantse ya ga ya nufi Ƙauyen Alu, samari suka zuba da gudu can suka dawo ba su ga komai ba. Maman Rifkatu ta fito ba takalmi, hannunta duk kumfar wanki. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna daɓas a dakalin ƙofarmu tana maimaita sunan mijinta a hankali. Inna ta zauna kusa da ita ta riƙe mata kafaɗa, wannan tana jan carbi, waccan tana addu'arta. Baba ya rufe shago ya dawo da rediyo a hammata, ya murɗa ko'ina babu labari, sai ya ari babur ya nufi filin jirgi. Masarar da aka ba ni gadi kuwa tantabaru suka yi biki a kanta, babu wanda ya tuna da ita, har ni. Ina rakuɓe a bayan randa, icen danƙon yana sukar cikina ta cikin zane, ina jiran a zo a faɗi ko mutum nawa na kashe. Ana kiran magariba Baba ya dawo. Tun daga bakin layi ya ɗaga hannu yana cewa, “Suna da rai! Kowa yana da rai!” Inji ɗaya ne ya mutu a sama, direban ya juyo da ɗayan ya sauka, taya ta fashe, jirgin ya zarce ƙarshen titinsa ya tsaya a cikin ciyawa. Malam Yohanna yana asibiti, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu wajen dirowa.

Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Washegari da sassafe na tona rami a bayan akurkin kaji na binne danƙon, da Inna ta tambaya na ce ya faɗi a rububin jiya. Ta yi ta faɗa kwana biyu, shirwa kuma ta ɗauke mata 'yan tsaki uku a mako guda, na ƙara su a cikin laifuffukana. A makaranta babu hirar da ake yi sai ta jirgi. Kowa ya gani, har waɗanda suke cikin ɗaki a lokacin, kuma kullum wutar tana ƙara girma a bakinsu. Wata 'yar aji shida mai yawan sani ta ce ta ji sojoji suna bi gida-gida suna bincike, domin jirgi ba ya kama wuta haka kawai sai da hannun wani. Daga ranar duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai in ruga ɗaki in ɓuya. Na daina hawa soro, na daina ɗaga kai in jirgi ya wuce.

Bayan sati uku aka dawo da Malam Yohanna a motar haya, ƙafar a naɗe cikin farin siminti irin na asibiti tun daga cinya har yatsu. Aka shimfiɗa masa katifa a falo, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, 'yan cocinsu da malaman makarantarsu da mutanen layi, kowa da ledar lemo ko kwanon abinci, kowa kuma sai an ba shi labari daga farko. Daga bakin ƙofa na ji shi har na haddace. Yakan ce bayan ƙarar sai jirgin ya ɗauki kakkarwa, warin ƙuna ya cika ciki, wata ma'aikaciya ta riƙa bi tana cewa kowa ya ɗaure bel ya sunkuyar da kai. Kusa da shi wani Alhaji ne mai fataucin fata, wanda tun da suka zauna ko sannu bai ce masa ba, sai ga shi ya damƙe masa hannu, shi yana salati, Malam yana kiran Yesu, ba wanda ya saki wani har ƙafafun jirgin suka daki ƙasa. Da aka buɗe ƙofa ne mutane suka yi rububin fita, aka turo shi ta baya ya faɗo, wasu biyu suka faɗo a kansa. Yakan ƙarasa da cewa sama ba ta yi masa komai ba, ƙasa ce ta karya shi. Mutane su yi dariya, ni in sulale in koma gida in rasa abin da ke yi mini daɗi.

Tun da ba ni da ƙarfin halin faɗa, sai na koma neman gafara da aiki. Ni da sai Umma ta kira ni sau uku kafin in ɗauki tsintsiya, na zama mai share tsakar gidan su Rifkatu kafin su gama karyawa. In na je famfo, bokitin farko nasu ne. Na wanke masa kofin shayi, na kore masa ƙuda, na nemo masa dogon tsinken tsintsiyar kwakwa da zai riƙa zurawa cikin simintin in ƙafar ta dame shi da ƙaiƙayi. Keken nan da ke jingine a zaure yana tara ƙura, ni na ɗauki goge shi kowace safiya. Umma ta ce wa Baba ko dai a karɓo mini rubutu, domin wannan hankalin na farat ɗaya ba na lafiya ba ne. Maman Rifkatu kuwa duk wanda ya zo sai ta nuna ni ta ce, “Wannan 'yar albarka ce, Allah ya ba ni 'ya ta biyu.” Babu zagin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan yabon. Kuma abin da na fi tsoro ba bulalar Baba ba ce, ba ma sojojin ba ne. Tsorona shi ne ranar da Rifkatu za ta san cewa ni da nake tsaye a bayanta, ni na karya mata uba. Na san daga ranar babu benci ɗaya, babu kira ta katanga. Saboda haka na riƙa yi wa gidansu bauta ina gudun idonta. In ta ɗebo duwatsun carafke sai in ce an aike ni.

Gab da Kirsimeti aka fasa simintin. Ƙafar ta fito siririya, fari-fari, kuma ta ɗan gaza 'yar'uwarta tsawo. Likita ya ce zai yi tafiya da sanda, amma keke sai haƙuri. Ranar da ƙanin matarsa ya zo ya tura keken ya fita da shi, ƙararrawar tana ƙara da kanta a kan dokin ƙofa, Malam Yohanna ya juya fuska bango yana gyara matashin da babu abin da ya same shi. Na gani, kuma na san Rifkatu ta gani. Sai a lokacin na lura da abin da damuwar kaina ta hana ni gani. Ta rame, ta daina ɗaga hannu a aji, kuma tun ranar Alhamis ɗin nan ban sake ganin jan ɗankwalin a kanta ba. Washegari a layin famfo, muna zaune a kan bokitanmu da muka kifa muna jiran ruwa ya zo, ta matso ta ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse. Ta ce, “Ni ce, Balki. Ni na kaɗa ɗankwali, direban ya leƙo yana kallona ya saki sitiyari. Ai kin san ja yana ɗaukar ido. Da ban kaɗa ba, da Baba yana kan kekensa.” Ta ce ta jefa ɗankwalin a masai, ta ce kullum a coci tana roƙon a yafe mata, amma ba ta jin an yafe.

Ina so in ce nan take na buɗe baki na sauke mata wannan kaya. Ban yi ba. Na ce mata ta yi haƙuri, ruwa ya zo, muka tara muka tafi gida. Abin kunyar ma, wani sashe na zuciyata sanyi ya ji, domin ga wata ta ɗauki laifin da kanta, babu mai nemana. Kwana uku na yi da wannan sanyin, kuma su ne kwanakin da na fi jin kunyarsu a duk ƙuruciyata, sun fi harbin kansa. In an tashi tara a makaranta ina kallonta tana tsakurar ƙosanta, ta miƙo mini ragowar, in karɓa in cinye. A rana ta huɗu, Lahadi ce, bayan sun dawo daga coci, na je bayan akurki na tono danƙon. Robar ta yi ƙasa-ƙasa, gara ta fara taɓa icen. Na shiga gidansu da shi a hannu ko sallama ban yi ba. Malam Yohanna yana kan kujera a inuwa yana duba takardun ɗalibai, Rifkatu tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na ajiye danƙon a gabansa, na karya rantsuwata tun a kalmar farko, na ce, “Baba, ba Rifkatu ba ce, ni ce. Ni na harbi jirginku.” Sauran bayanin cikin kuka ya fito, daga inda na tsaya a kan soro har 'yan tsakin Inna. Rifkatu ta saki faifan, ita ma ta fashe da kuka tana cewa ƙarya nake yi, ɗankwalinta ne. Muka tsaya a gabansa muna jayayya a kan wadda ta kakkaɓo jirgi.

Da wani babban ne, da ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira maƙwabta ya ba su labari, mu kuma mu koma da kayanmu yadda muka zo da shi, an ƙara mana da kunya. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya sa hannu ya shafe shi. Ya ɗauki danƙon ya jujjuya, ya ja robar, ya tambaye ni da wane irin dutse na yi harbin, kamar mai bincike na gaske. Sannan ya ce, “To, magana ce babba, ba a yanke ta a zaune. Balki, je ki ce wa Inna ina roƙon aron gwangwaninta.” Da Inna ta ji dalili sai ta yi salati, ta kira ni ja'ira mai binne kayan mutane, amma ta yafa mayafi ta biyo mu da gwangwanin a hannunta, domin ta ce ba ta sake ba ni amana. Haka muka jera zuwa filin makarantarmu, shi a gaba yana dogara sanda. Tafiyar da muke yi a guje kafin a gama kaɗa ƙararrawa, ranar sai da muka tsaya hutu sau biyu. Wannan ce tafiya mafi nisa da ya yi da ƙafa tun da ya dawo.

A bakin filin akwai wata tsohuwar darbejiya, a jikinta ake rataye ƙarfen da ake kaɗa mana ƙararrawa. Ya ce in tsaya a gindinta in harba sama iya ƙarfina, kamar yadda na yi a ranar. Na kalli Inna, ta ce yau dai ta ɗage dokar. Na farko ya maƙale a ganye. Na biyu ya ɗan wuce kan bishiyar, ya tsaya kamar yana shawara, ya faɗo a gabanmu ya farfashe. Ya ce Inna ma ta gwada. Ta gyara tsayuwa ta harba, nata ko rabin bishiyar bai kai ba, ta ce robar ce ta lalace a ƙasa. Sai ya ja layi a ƙasa da bakin sandarsa, tsawon taku ɗaya, ya ce wannan ita ce darbejiyar, nan dutsena ya tsaya. Ya ce mu tsaya a nan mu ƙirga, kowane taku nasa darbejiya ɗaya ce a kan 'yar'uwarta. Ya juya ya fara tafiya yana ɗingishi, yana jan sandar, layin yana bin sa a ƙasa. Muka ƙirga da ƙarfi har ya kai tsakiyar fili, ƙirgar ta rikice mana, shi bai tsaya ba, rigarsa ta jiƙe ta manne a bayansa. Sai da ya kai turken ragar ƙwallo na can ƙarshe ya juyo ya ƙwala, “Nan jirgin yake! Balki, ina dutsenki?” Na sunkuya na dubi ɗan layin da ke gaban yatsuna.

Da muka iske shi yana haki a jikin turken, ya gaya mana abin da ya ji daga wani ma'aikacin filin jirgi da ya zo dubiya. Da aka buɗe injin, gashin tsuntsu da ƙasusuwa aka samu a ciki, shirwa ce ya zuƙe. Inna ta tafa hannu ta ce, “Shirwa! Ai na sha gaya muku ba ta da mutunci, kuna ganin kamar sharri nake yi mata.” Har ta rasu tana ba da labarin nan a matsayin shaidar da ta wanke ta. Ni dai a nan kayana ya sauka, na ji kamar in kwanta a ƙasar filin in yi barci. Rifkatu ce ba ta saki fuska ba. Ta tambaye shi a hankali, to direban fa, bai ga ɗankwalinta ba? Ya ce direba gabansa yake kallo, ba ya leƙen soron mutane. Sai idonta ya sake kawo ruwa, ta ce ashe ke nan babu wanda ya gan mu, a banza muka wuni a rana. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Wa ya ce? Ni ina bakin taga. Na ga jan ɗankwali yana kaɗawa a kan soro, na ga Balki a tsaye a bayanki. Da jirgin ya fara rawa na ce a raina, yaran nan suna kallo, ba zai faɗi a gabansu ba.” Rifkatu ta rungume shi har sandar ta faɗi, ni na ɗauko masa. A hanyar dawowa ta riƙe hannuna, ta ce amma fa ni muguwa ce da na bar ta kwana uku, na ce na sani. Ranar Kirsimeti mahaifiyarta ta saya mata sabon ɗankwali, ja, ta sayo mini irinsa.

Bayan 'yan shekaru, a wata shekarar da gari ya rikice, suka kwashe kayansu suka koma Jos, Baba ya raka motarsu har bayan gari. Malam Yohanna ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, da sandarsa har ƙarshe. Rifkatu yanzu ma'aikaciyar jinya ce, mukan yi waya in Sallah ta zo ko Kirsimeti, kuma har yau in ta ɗauka sai ta ce, “Maharbiya, ya gari?” Soron nan an rushe shi an yi shaguna uku, gonar Baba ta zama gidajen mutane, darbejiyar ma an sare ta da aka ƙara ajujuwa. Katangar an ɗaga ta an sa mata kwalabe, ban san sunan masu haya a gidan ba. Jirage sun fi da yawa, amma 'ya'yana ba sa ɗaga kai in sun wuce. Ni ma lissafi nake koyarwa, kuma duk yarinyar da ta zo mini da wani tsoro na wauta, nakan shafe gefen bakina kafin in amsa mata.

Sai bara na hau jirgi karon farko, zuwa wani taro a Legas, na roƙa aka ba ni bakin taga. Da muka tashi muka juyo kudu, na manna goshi a gilashi ina neman unguwarmu. Na gane titin Zariya, na ƙiyasta inda Tarauni take, sauran duk rufin kwano ne birjik kamar masara a tabarma. Motoci ma da ƙyar ake gane su, balle mutum, balle ɗankwali a hannun 'yar shekara tara. Sai a lokacin, bayan shekaru kusan talatin, na haɗa maganganunsa biyu na ranar wuri guda, na ga ba za su zauna tare ba. Jirgin da ya kai nisan da ya auna mini da karyayyiyar ƙafarsa, ba a ganin kowa ta tagarsa, kuma tsayuwata a bayan Rifkatu ni na gaya masa da bakina a tsakar gidansu. Malamin lissafi ne, ya fi ni sanin haka. Ya nisanta jirgin saboda ni, ya kusanto da shi saboda 'yarsa, a fili ɗaya, cikin yamma ɗaya, muka koma gida mu biyu da sauƙi a zuciya. Matar da ke kusa da ni ta ga ina share ido, ta ce in daina tsoro, jirgi ba ya faɗuwa haka kawai. Na ce mata na sani, an taɓa auna mini. Na ci gaba da kallon ƙasa har gajimare ya rufe Kano, ina jin da ma akwai wata yarinya a kan wani soro da zan dawo in ce mata na gan ta.